Jakar Malam da Sahun Gaba

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ba ni bakin ba da wannan labari alhali mai gidana yana raye, yanzu haka ma ina jiyo shi a soro yana faɗa da awakin maƙwabta. Sai da na nemi izininsa kafin in ɗauki biro. Ya ce, "Rubuta, amma kada ki ƙara gishiri." Ban ƙara ba, abin nan da gishirinsa ya zo.

Sunana Hajara. Ƙauyenmu yana kusa da Kunci, irin ƙauyukan nan da in kana gonarka za ka ji tarin maƙwabcinka a tasa. Mijina ba zan kama sunansa ba, Malam kowa yake ce masa. Manomi ne na gero da dawa da gyaɗa, kuma a lokacin shi ne na'ibin liman a masallacin unguwarmu. Fiye da shekara ashirin da aurenmu, ban taɓa ganin an tayar da sallah yana cikin gida ba, sai in zazzaɓi ne ya kayar da shi. A kan tsarki kuwa tsantseninsa har haushi yake ba ni. Kaza ta gifta ta taɓa bakin rigarsa, sai ya tsaya yana dubawa kamar mai neman allura, ni kuma wanki ya ƙaru.

A daminar shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo abin ya fara. Ni da buta na fara lura. Kafin hantsi ya ɗaga sai Malam ya shiga bayi sau huɗu, sau biyar, ya daɗe, ya fito yana yamutsa fuska. Daga nan sai ga wani sabon hali: mutumin da bai san inda sabulu yake kwana a gidansa ba ya fara wanke wandonsa da kansa, a rijiyar gona, ya shanya a kan ƙaya ya dawo da shi a bushe. Na tambaye shi. Ya ce, "Basir ne."

To, a wajenmu in namiji ya ce basir, magana ta ƙare. Ciwon baya basir ne, kasala basir ce, rama basir ce, har furfura na ji an ɗora masa. Babu gidan da babu jarkar jiƙo a bayan ƙofa. Yayansa Sale, wanda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, shi ne babban likitan danginsu a wannan fanni. Ran kasuwar Kunci ya kawo wani sassaƙe daga masu mota mai lasifika, ya ce kwana bakwai zai kore shi. Da kwana bakwai suka wuce ya kawo wani, ya ce wancan na mai jini ne, wannan na mai tsiro. Aka hana Malam sukari, aka hana shi man gyaɗa, aka hana shi zama kan dakali mai zafi. Ni ce mai dafawa, ni ce mai tacewa, ni ce mai miƙa masa kofi da bismillah. Ina faɗin wannan ne don kada a ce na wanke kaina. Da hannuna na shayar da shi wata bakwai na banza.

Jiki magayi. Wandon da yake ɗaurewa da ƙyar ya koma sai ya ninka mazagi. Tafin hannunsa ya yi fari fat. Wani satin bayan gida ya ƙi fita, wani satin kuma ya tsinke. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ranar da liman ya yi tafiya, na jiyo an tayar da La'asar da wata murya ba ta Malam ba. Da Malam ya dawo na ce lafiya, ya ce maƙogwaro ne. Maƙogwaronsa ƙalau, alwala ce ba ta zama masa.

Ranar yankan dawa na kai masa fura gona, na tarar da shi zaune a gindin gawo, lauje a yashe, ya rufe cinyarsa da rawani. Na janye rawanin. Abin da na gani ba ɗigo ba ne.

Na ce, "Malam, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun shuka."

Na ce, "Tun shuka kana zubar da jini haka, ni ina dafa maka itace? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wallahi gobe ƙafata ƙafarka sai asibiti."

Bai taɓa jin na rantse a gabansa ba. Ina jin shi ya sa bai yi musu ba.

A ƙaramin asibitin da ke kusa da mu aka auna jininsa aka ce ya yi ƙasa sosai. Jami'in da ya duba shi ya shiga da shi bayan labule yana raha, ya fito ba ya raha. Ya rubuta takarda ya ce mu je babban asibiti a Kano, kuma kada mu jira a gama kaka.

Satin farko a Kano layi muka sha. Muka sauka a wajen wani ɗan ƙanen babansa a Kurna, kullum mu yi sammako mu tarar da waɗanda suka fi mu sammako. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma kowane layi in ka kai gaba sai a ce ai wancan ya kamata ka fara bi. Malam ba ya iya daɗewa a tsaye, ba ya iya daɗewa a zaune, ga bayin asibiti da nisa. Sai na koma ni ce mai bin layi, shi yana kishingiɗe a inuwa, in an kusa zuwa kanmu in ɗaga masa mayafi. Na yi faɗa da wani mai yanke layi har sai da mai gadi ya zo. Ban ji kunya ba, kuma ban koma baya ba.

Sati na biyu aka ce za a zura masa wata na'ura mai ido ta ƙasa a leƙa hanjin. Malam ya ji wannan ya ce shi dai a ba shi ƙwaya. Na ce ƙwayar me, tunda ba a san abin da ake ba wa magani ba? Ya shiga yana salati, ya fito bai kalli kowa ba. Sun gutsuro ɗan nama sun ce za a kai ɗakin gwaji. Sati na uku da na huɗu jira ne kawai, da hoton ciki, da ƙarin jini leda ɗaya. Buhunan gyaɗar da muka ajiye don taki suka bi motar Kano ɗaya bayan ɗaya.

Likitan da ya faɗa mana sakamako matashi ne, amma Hausarsa ta ƙauye ce, ya ce shi ma iyayensa manoma ne a wajen Zakirai. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ciwon daji ne a ƙarshen hanji, kuma Allah ya taimaka hoto bai nuna ya haura hanta ko huhu ba. Ni kunnena ya toshe daga kalmar farko. Malam ne ya yi ƙarfin hali ya ce, "Likita, me na ci? In dauɗa ce ta taru, ba a wanke ta?"

Amsar da ya ba shi ta zauna min a kai har yau, don ita na riƙa yaƙi da ita daga baya. Ya jawo takarda ya yi zane. Ya ce cikin hanji shimfiɗe yake da 'yan ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani, kuma cikin 'yan kwanaki tsofaffi suke zubewa sababbi su maye gurbinsu. Kowace ƙwaya tana da ƙuryar ɗaki, a ciki akwai littafin da Allah ya rubuta mata duk aikinta. Ba ta karanta littafin gaba ɗaya, sai shafin da aka ce ta buɗe. In ana bukatar sababbi, maƙwabtanta sukan turo saƙo bakin ƙofa, manzo ya ɗauka ya shiga ƙurya, a buɗe shafin da ya ce a hayayyafa. In an samu isassu, akwai mai gadi a cikin ƙwayar da zai kama manzon nan ya kawar da shi, shafi ya rufe.

Ya ce, "Malam, a irin wannan ciwo, galibi mai gadin ne yake lalacewa a ƙwaya ɗaya tak. Manzo ya shiga ƙurya ya zauna daram, ko an aiko ko ba a aiko ba. Shafin nan a buɗe dare da rana, ana ta karantawa ana ta haihuwa. Kuma ɓarnar a cikin rubutun littafin take, duk 'yar da ƙwayar nan ta haifa da ita za ta zo."

Malam ya gyaɗa kai a hankali. Shi mutum ne da ya yi zamanin kwafar littafi da hannu. Ya ce, "Na gane. In asali ya zo da kuskure, duk wanda ya kwafa daga gare shi kuskuren zai kwafa."

Likita ya ce, "Shi ke nan. Shi ya sa jiƙo ba ya kai wa can, ko tulu nawa ka sha. Sai dai a cire wurin gaba ɗaya."

Daga nan ya zo kan abin da ya fi ciwon nauyi a wajen Malam. Ya ce tsiron ya yi ƙasa ƙwarai, dab da mafita, ba yadda za a cire shi a bar mafitar. Za a rufe ƙasa, a fito da bakin hanji ta gefen ciki, a riƙa manna jaka tana tarar bayan gida. Har abada.

Malam bai tambayi ko zai rayu ba. Ya ce, "Ina iya riƙe shi in na shiga sallah?"

"A'a, Malam. Lokacin da ya ga dama yake fita, da shi da iska."

Ya miƙe ya gyara hularsa, ya yi wa likita godiya kamar wanda aka ba kyauta, ya ce min, "Tashi mu tafi gida."

A mota ban yi masa magana ba, don na san in na buɗe baki fasinjoji za su sha kallo.

Kwana biyu da dawowarmu dangi suka taru a soro. Ina daga tsakar gida ina jin Yaya Sale yana cewa ai kowa ya sani, ciwon daji in ƙarfe ya taɓa shi bazuwa yake yi, kuma akwai wani mai magani a gaban Kazaure da yake wankin ciki, tsiro ya faɗo da kansa. Kowa yana cewa haka ne. A al'adarmu mace ba ta tsoma baki in maza suna shawara a soro. Na yafa mayafi na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama.

Na ce, "Yaya, ku gafarce ni. Wata bakwai muna wankin ciki. Abin nan ba dauɗa ba ce." Na kwashe bayanin likita na zuba musu, da ƙuryar ɗaki da manzo da mai gadi, yadda na iya. Na ce duk kwanan da muka ƙara a nan, ƙwayoyin nan haihuwa suke yi, ba sa jiran a gama shawara.

Yaya Sale ya ce, "Ikon Allah. Hajara, sati huɗu a Kano har kin zama likita?"

Na ce, "Ban zama ba, Yaya. Amma ni na wanke wandon."

Sai Malam ya yi gyaran murya ya ce duk abin da na faɗa gaskiya ne, shi ya yarda da likita, kuma ba zai je wajen mai wankin ciki ba. Har na fara hamdala. Sai ya ƙarasa: aikin ma ba za a yi masa ba. Ya ce shekara arba'in yana tsayawa gaban Ubangijinsa da tsarki, ba zai ƙare rayuwarsa yana ɗauke da najasa a jikin riga yana shiga masallaci ba. Gara ya mutu da alwalarsa.

Sati uku muka yi a haka. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi na daina yi masa magana sai gaisuwa. Na aika aka kira 'yarmu Nafisa daga gidan mijinta, ta zo ta yi nata kukan ta koma. Liman da kansa ya zo ya ce masa mai lalura yana da sauƙi a shari'a. Malam ya ce ya sani, ai shi yake karantar da babin. Saninsa ne ma ya sa ba a iya kayar da shi, duk inda aka ɓullo ya riga ya tsaya a wurin. Ni kuwa ina kallonsa yana narkewa, ina tuna zanen likita, har in ina tankaɗe sai in ji kamar ina jin motsin abin a cikinsa. Na ji haushinsa a kwanakin nan fiye da duk zamanmu. Na ga kamar ya fifita farar rigarsa a kaina da 'ya'yansa.

Wata safiya ina shara sai Inna Tabawa ta faɗo min a rai. Tsohuwa ce a bayan layinmu, ta haihu goma sha ɗaya, tun haihuwar ƙarshe fitsari ba ya tsaya mata. Shekarun baya ta taɓa zuwa gidanmu tana kuka, ta ce ta daina sallah don ba ta da tsarki, ta roƙe ni in tambayar mata Malam don ita ba za ta iya ba. Ni na kai tambaya, ni na dawo da amsa. Na jingine tsintsiya na tafi gidanta. Na faɗa mata komai, har abin da Malam ba zai so a faɗa ba.

Ta lalubi sandarta ta biyo ni.

Malam yana kwance a rumfa. Ta ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa mata, ta tsaya a kansa tana dogare da sanda.

Ta ce, "Malam, tambaya na zo yi. Shekara tara ke nan ka aiko min cewa in yi ƙunzugu, in yi alwala, in yi sallata, abin da ya zubo ba da ikona ba Allah ba zai kama ni da shi ba. Haka ka ce ko ba haka ba?"

Ya ce, "Haka na ce, Inna."

"To shekara tara ina yi. Yanzu na ji an ce kai ka ce gara mutuwa da irin wannan sallar. In ƙarya ka yi min don ka ga tsohuwa tana kuka, faɗa min yau in fara ramuwa, don kwanana ya ƙare. In kuwa gaskiya ce, to ni ce Allah zai karɓi tawa ya ƙi taka, ko kai ne ka fi ƙarfin sauƙin da ya yi?"

Malam ya tashi zaune da ƙyar. Na ga hawaye yana bin gemunsa, abin da ban gani ba ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu. Ya ce, "Sallarki ta yi, Inna. Ba ki da ramuwa."

Ta ce, "To tashi ka je a yanke maka abin nan. Ka bar yarinya ta huta." Yarinyar ni ce, da jikoki biyu.

Shanun huɗarmu guda biyu aka kai kasuwa. Ban so ba, don su ne ƙarfin gonar, amma ban waiwaya ba da aka fita da su. Da asibiti suka ce a kawo masu ba da jini, maza shida suka cika mota daga ƙauyenmu, kowa da kuɗin motarsa a wannan tsadar. Wanda ya fara miƙa hannu Yaya Sale ne. Yana kwance ana ɗiba yana cewa shi dai har yanzu bai yarda da wuƙa ba, amma jininsa na ƙaninsa ne. Allah ya saka masa, da bakinsa da komai.

Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa, sau ɗaya don babu gado, sau ɗaya don wani da ya fi mu gaggawa. Kowace ɗagawa Malam ya sha yunwa da maganin wanke hanji a banza. Komai kuma sai ka sayo, daga safar hannu har auduga, kana cikin addu'a a miƙo maka takarda a ce ka ruga kantin magani. Na yi ƙorafi a lokacin, kuma ina kan yi. Amma a asibitin nan dai aka yi awa biyar a kansa, likitan ya fito da gumi ya ce, "Hajiya, mun cire, kuma gefen da muka yanka ya fita da tsabta." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ranar na amsa sunan.

Kwana uku bayan aiki wata nas mai suna Asabe ta ja labule ta ce in matso in koya. Ta ɓare jakar. Bakin hanjin yana nan a gefen hagu na cikinsa, ja sosai, kamar ƙaramin tumatir. Malam ya kafe idonsa a silin. Ta nuna min yadda ake wanke gefen da ruwan ɗumi, a bushe shi sarai, a yanka bakin sabuwar jaka daidai girman wurin, a manna a danne da tafin hannu. Ta ce in fatar ta jiƙe za ta saɓule, jaka kuma ba za ta kama ba. Na farko da na yi da kaina ya ɓalle kafin Azahar, ya ɓata zanin gado. Malam ya ce, "Kin ga abin da nake faɗa." Na ce, "Na ga hannuna bai iya ba tukuna. Juyo." Na biyu ya kwana uku.

Bayan ciwon ya warke aka shiga ba shi maganin da ake ƙarawa ta jijiya, duk bayan sati uku mu zo Kano, har wata shida. Likita ya ce ko da wata ƙwaya mai buɗaɗɗen shafi ta sulale, wannan zai bi ta. Maganin ya wahalar da shi. Amai, baki ya yi gyambo, ga wani abin mamaki, in ya taɓa ruwan sanyi sai ya ce kamar an soka masa ƙaya a yatsu. Na koma dafa ruwan alwala sau biyar a rana, ga itace ya yi tsada, har karan dawar da muka tara don danga ya ƙare a murhu. Jakunkunan ma ba a samunsu sai a Kano, wani zuwan a ce sun yanke. Na ɗinka masa ɗamara da tsohon zanina mai taushi, tana riƙe jakar ta kwanta a jiki, ko riga ɗaya ya sa ba mai ganewa. Na gano wake da ƙwai da yawan daddawa suna sa ta kumbura da iska, na gano in ya karya da wuri cikin yakan lafa kafin rana ta take. Abin da ban karanta a makaranta ba na karanta shi a cikin mijina.

A nan zan tsaya in yi magana da masu karatu, musamman mata. In kin ga buta ta yawaita zirga-zirga, in kin ga namiji ya fara wanke wandonsa a ɓoye, kada ki tsaya kunya. Basir yana nan, ban ce babu shi ba, amma ba mai lasifika ne zai faɗa miki ko shi ne ba. Likita ya ce da mun zo tun shuka, wataƙila da ba a kai ga haka ba. Ya kuma ce 'yan'uwan Malam na jini su je a duba su, don wani lokacin abin yana bin gida. Mu ma ba a sallame mu ba, duk bayan 'yan watanni muna komawa a auna, kuma duk komawa gabana yana faɗuwa har a karanta takarda. Gobe ta Allah ce.

Aka gama magani, nama ya fara dawowa, har ya fara zagaya gona da sanda. Na'ibanci shi da kansa ya aika wa liman ya ajiye, ya ce mai lalura sallarsa ta yi, amma an fi so lafiyayye ya ja mutane. Ban ja da shi ba, fanninsa ne. Abin da na ƙi yarda da shi daban ne: masallacin ma gaba ɗaya ya daina zuwa. In an yi kira sai ya yi alwala, ya sa farar riga, ya shiga ɗaki ya shimfiɗa buzu ya jira. Sai ya ji an tayar a masallaci sannan ya kabbarta shi kaɗai. Wata biyu yana haka. In na yi magana ya ce jakar tana ƙara, ba ta da kunya, ba ta san sujada ba. Ya ce mutanen da ya koya wa abin da ke karya alwala ba zai tsaya a tsakiyarsu cikinsa yana kuka ba.

Ni kuma ban sayar da shanu, ban kwana a barandar asibiti, don in dawo da mutumin da zai ɓuya a ɗaki yana sauraren sallar wasu ba. Rabin miji aka ba ni, ni kuwa duka na je karɓa.

Wata Talata na ba shi koko tun da sassafe, ban sa wake a komai ba. Da rana ta kusa karkatawa na canza masa sabuwar jaka, na ɗaura ɗamara, na ɗumama ruwa. Yana alwala na shiga ɗaki na naɗe buzun na miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga. Na ɗauko takalmansa na ajiye a bakin soro, suna kallon waje.

Ya shiga ɗaki ya fito. "Ina buzuna?"

"Ya tafi unguwa."

"Hajara, ba na son wasa."

"Ni ma na daina. Akwai tabarma a masallaci, Malam. Kai ka sayo ta."

Ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa, ladan yana ta kira. Na ɗauka zai daka min tsawa, kuma na shirya. Sai ya ce a hankali, "In ta yi ƙara fa?"

Na ce, "In ta yi, ka dawo ka faɗa min wanda ya mutu."

Ya sa takalmi ya fita. Na zauna a kan turmi a bayan ƙofar soro. Na ji an tayar, na ji kabbara, na ƙirga raka'a huɗu da yatsuna. Aka yi sallama, na ji mutane suna watsewa, shi shiru. Sai can na ji sandarsa.

Ya shigo ya zauna a dakali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na kasa haƙuri.

"A ina ka tsaya?"

"Na nufi baya wajen ƙofa. Yaya Sale ya kamo hannuna ya ja ni sahun gaba."

"To?"

"Ta yi ƙara. A raka'a ta biyu, muna ruku'u. Sosai."

Na ce, "Sai aka yi yaya?"

"Sai Yaya ya kama tari. Tari kamar zai shiɗe, har liman ya ɗago bai daina ba." Ya goge ido da bakin rawani, kafaɗunsa suna girgiza, na kasa gane dariya yake ko kuka. "Mutumin da ko mura ba ya yi."

Na ce, "Yanzu in karɓo buzun?"

Ya mayar da hularsa. Ya ce, "Bar shi can. Ki dai sa min ruwa a wuta da wuri, kada in rasa sahu da La'asar."